Darasin da Ya Kusa Cin Aikin Malama Haulat

Hausawan da ke zaune a Bin Mahmud, a tsakiyar Doha, sun fi sanin Malama Haulat Mu'azu da dambun shinkafa. Duk Juma'a sai ta turara shi a ƙaramin kicin ɗinsu da ke hawa na uku, ta zuba a robobi, mijinta Injiniya Uwais ya bi ɗakunan samari masu gadi da direbobi yana rabawa. Da yawansu ba su ma san cewa malamar tarihi ce ba, a wata makarantar kuɗi da ke Abu Hamur, inda 'ya'yan ƙasashe daban-daban suke zama aji ɗaya. Gajeriyar mace ce mai farin tabarau, ba ta ɗaga murya, amma in ta kafe a kan magana ko mijinta ya san ya haƙura.

A Tudun Wadan Zariya aka haife ta. Mahaifinta gyaran keken ɗinki yake yi, kuma shi ya nace ta tafi makarantar 'yan mata ta kwana duk da surutun dangi. A can ta haɗu da wadda ta juya mata rayuwa, wata malama baƙar fata 'yar Afirka ta Kudu da ake kira Misis Nomvula, wadda mulkin wariyar launin fata ya koro daga ƙasarta. Wata rana wata ɗaliba ta ce ai Turawan can mahaukata ne kawai. Misis Nomvula ta ajiye alli ta ce ba mahaukata ba ne. Ta ba su labarin wata ƙungiyar asiri ta fararen fata mai suna Broederbond, wadda 'ya'yanta malaman coci ne da lauyoyi da malaman makaranta, masu wanka da turare. Su ne suka shige cikin jam'iyyar National, jam'iyyar ta ci zaɓe a 1948, daga nan ƙiyayyar da suke yi a ɗaki ta zama dokar ƙasa. Haulat tana 'yar shekara goma sha huɗu a lokacin, kuma tun daga ranar ba ta ƙara sha'awar wani karatu ba sai tarihi.

Ta yi digirinta a Zariya, ta koyar a Gusau da Kaduna, ta auri Uwais, suka haifi 'yarsu Fiddausi. Da ya samu aiki a wani kamfanin iskar gas a Qatar ta biyo shi. Ta daɗe tana zaman gida kafin makarantar Abu Hamur ta ɗauke ta, da farko ma a matsayin mai riƙe aji in wani malami bai zo ba. A hankali aka ga yara suna rububin ajinta, aka ba ta manyan ɗalibai.

Sai annobar korona ta zo a 2020. Aka rufe makarantu, kowa ya koma karatu ta kwamfuta. Malama Haulat ta mayar da teburin cin abinci ajinta, ta ɗora kwamfutar a kan tulin littattafai don fuskarta ta fito daidai. A tsakiyar wannan zaman ne bidiyon wani baƙar fata da ɗan sanda ya danne wa wuya a Amurka har ya mutu ya zagaye duniya. Yaran duk sun gani. Ranar da aka shiga aji, babu wanda hankalinsa yake kan abin da aka tsara.

Wata ɗaliba mai suna Paige Dunlap, Ba'amurkiya mai yawan shiru, ita ta fara buɗe makirufonta. Ta ce ta ga tsofaffin hotuna a intanet na wasu mutane sanye da fararen riguna da huluna masu tsini sun rufe fuska.

"Malama, waɗannan ai 'yan tsiraru ne marasa hankali, ko? Irin waɗanda kowa yake gudu?"

Malama Haulat ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta. Ta ce, "Da haka ne, Paige, da abin ya zo da sauƙi. Ku rufe littafin yau, za mu yi wani darasi."

Ta fara daga ƙarshen yaƙin basasar Amurka, lokacin da aka 'yanta bayi har maza daga cikinsu suka fara jefa ƙuri'a. Ta gaya musu yadda ƙungiyar Ku Klux Klan ta taso a Kudu tana dukan baƙaƙen fata da kashe su don kada su je rumfar zaɓe, da yadda wannan ta'asa ta taimaka wa jam'iyyar Democrat ta wancan zamani ta sake karɓe mulkin jihohin Kudu. Ba ta tsaya nan ba. Ta kai su shekarun 1920, lokacin da ƙungiyar ta sake tashi da miliyoyin mambobi, har ta mara wa ɗan takarar jam'iyyar Republican baya ya zama gwamna a jihar Indiana. A 1924, shekarar da aka yi wannan zaɓe, babban taron 'yan Democrat ya kasa amincewa da a la'anci ƙungiyar da sunanta. Sannan ta nuna musu yadda, bayan dokokin 'yancin baƙar fata na shekarun 1960, ɗimbin fararen fatar Kudu suka sauya sheƙa daga jam'iyyar Democrat zuwa Republican.

Ta ce, "Mai rufe fuska da dare ba shi da ƙarfin yin doka. Sai ya samu wanda zai tsaya masa da rana a kan mumbarin siyasa. Shi kuma ɗan siyasa yana son ƙuri'a. A nan suke haɗuwa."

Lokacin darasi ya ƙare, yara suka ƙi fita. Ta kashe kwamfuta tana jin daɗi irin wanda ta daɗe ba ta ji ba.

Ba a yi mako guda ba shugabar makarantar, wata Baturiyar Ingila mai suna Misis Harding, ta kira ta. Ƙorafi biyu ne suka iso ofishinta. Wata uwa ta ce malamar ta ɓata sunan jam'iyyar Democrat a gaban ɗanta. Na biyun kuma daga mahaifin Paige ne, Mista Dunlap, wanda ya ce an ci mutuncin jam'iyyar Republican da jiharsa ta Indiana, kuma ba ya biyan kuɗin makaranta don wata ta cusa wa 'yarsa siyasa. Uwar nan ta huce da kanta bayan an yi mata bayani. Mista Dunlap kuwa ya kai maganar hukumar gudanarwar makaranta.

Misis Harding ba muguwar mace ba ce, tsoron fitina take yi. Ta ce, "Haulat, abu mai sauƙi nake nema. Ki gaya wa ajin cewa abin da kika faɗa ra'ayinki ne, ki ba da haƙuri, a wuce wurin."

"Ranki ya daɗe, da ra'ayina ne da na faɗa. Amma ban ƙirƙiri ko kalma ɗaya ba. In na ce musu ra'ayina ne, ranar ce zan yi musu ƙarya ta farko."

Da aka dawo sabon zango, aka karɓe manyan azuzuwa daga hannunta har sai hukuma ta zauna. Aka ba ta ƙananan yara tana koya musu sunayen koguna da duwatsu.

Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne, Mista Dunlap babba ne a kamfanin da Uwais yake aiki. A shekarar kuwa kamfanoni sallamar mutane suke yi ba ƙaƙƙautawa, kullum sai an ji wani ya haɗa kaya ya koma gida. Zaman Haulat a ƙasar ma a ƙarƙashin Uwais yake, shi ne kafil ɗinta, wato mai tsaya mata a takardun zama. In aikinsa ya tafi, su biyun sun tafi, ga Fiddausi tana tsakiyar karatun likita.

Wata rana da la'asar ya dawo daga aiki, ya cire takunkumi ya wanke hannu, ya zauna bai taɓa abincin ba.

"Malama, yau na haɗu da mutumin nan a lif. Na gaishe shi, ya kalli bango."

Da ta ɗago ta dube shi, ya ci gaba.

"Ba cewa nake ki yi ƙarya ba. Amma haƙuri fa? Kalma ce kawai."

"Baban Fiddausi, in ka ce in je in ba da haƙurin, zan je, don ba zan rusa mana gida ba. Amma daga ranar na bar koyar da tarihi. Ba zan iya tsayawa gaban yaran nan ba kuma."

Uwais ya daɗe yana juya cokali a cikin shinkafa. Ya san matarsa tun tana koyarwa a ajin da ba ƙofa a Gusau. Can ya ɗago ya ce, "Khalas, magana ta ƙare. Kada ki ba da. Wanda ya kawo mu ƙasar nan ba Dunlap ba ne. In komawa gida ta kama, mu koma da mutuncinmu."

Ya ja faranti ya ci abincinsa tas.

Ana cikin jiran zaman hukuma cutar ta kama ta. Alamar Ehteraz, manhajar bibiyar korona da ke wayarta, ta tashi daga kore ta koma ja, aka killace ta a ɗaki. Zazzaɓi ya kwantar da ita, ƙamshi da ɗanɗano suka ɗauke, Uwais yana ajiye mata kunun gyaɗa a bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa. Samarin da take aika wa dambu suka ji labari, sai ga su ɗaya bayan ɗaya suna ajiye lemo da zuma da citta a wurin mai gadin bene. Wani direba mai suna Sunusi har kasuwar Abu Hamur ya je ya ciko kwali da kayan marmari, ya bar saƙon cewa a gaya wa Hajiya duk suna yi mata addu'a. Da Uwais ya gaya mata ta bayan ƙofa, ta yi kuka, abin da ba ta yi ba ranar da aka karɓe mata aji.

Ta miƙe da ƙyar, tari bai gama sakinta ba aka sa ranar zama. Ta kwamfuta aka yi shi, da hantsi. Ga Misis Harding, ga mutum biyu daga hukuma, ga Mista Dunlap a ofishinsa ya ɗaura jan laktaye a wuya. Shi ya fara magana. Ya ce danginsa mutanen kirki ne, manoma masu zuwa coci, kuma jam'iyyarsu ce ta 'yanta bayi tun farko. Ya ce ba zai yarda wadda ba ta taɓa taka Indiana ba ta shafa musu baƙin fenti.

Malama Haulat ta bari ya gama. Ta ce, "Gaskiyarka, Mista Dunlap, shugaban da ya fito daga jam'iyyarku ne ya 'yanta bayi, kuma na gaya wa yara haka. Na kuma gaya musu abin da ya biyo baya. Uwar da ta fara kawo ƙarata cewa ta yi na zagi ɗaya jam'iyyar. Ban zaɓar wa yara jam'iyya ba, ni ko ƙuri'a ba ni da ita a ƙasarku. Abin da nake so su sani shi ne, babu jam'iyyar da ta fi ƙarfin wannan jarrabawa in ta ga ƙuri'a a hannun masu ƙiyayya. In akwai abu ɗaya da na faɗa wanda bai faru ba, a nuna mini, yau zan ajiye aiki."

Babu wanda ya nuna. Ɗaya daga cikin 'yan hukumar ya fara kame-kame a kan cewa wataƙila yaran sun yi ƙanƙanta da irin wannan batu. Sai Misis Harding ta yi gyaran murya ta ce akwai wadda ta roƙi a ba ta dama ta yi magana, kuma ta ga bai dace a hana ta ba.

Wani sabon akwati ya buɗe a fuskar kwamfuta. Wata tsohuwa ce fara fat da furfura, ta matso da fuskarta kusa da kyamara har hancinta ya cika allon. Mista Dunlap ya miƙe zaune.

"Mama? Me kike yi a nan?"

Ashe tun da aka karɓe ajin, Paige ta kasa samun sukuni. Ta kira kakarta Ruth, mahaifiyar babanta, da ke can wani ƙauye a Indiana, ta kwashe komai ta gaya mata. Tsohuwar kuwa ta ce lallai sai an haɗa ta da makarantar, ko da za ta tashi da tsakar dare saboda bambancin lokaci.

Ta ce, "Zauna, ɗana, ba da kai na zo yin faɗa ba. Malama, kina ji na?"

"Ina jin ki, Mama."

"Ina ƙarama na buɗe akwatin mahaifina na ga farar riga da hula mai tsini. Na ɗauka ta wasan yara ce na saka. Ranar mahaifiyata ta mare ni, ba ta taɓa yi ba. Daga baya ta yayyanka rigar ta ɗinka mana rigunan matashi da ita, shekara da shekaru muna ɗora kai a kansu. Da na girma na tambaye shi, bai ɓoye mini ba. Ya ce a zamaninsu, a garinmu, ba ka samun tikitin takara ko na ƙaramin muƙami sai ka bi ta wurin mutanen nan. Shi ne mai tara wa jam'iyya ƙuri'u a unguwarmu. Maƙwabcinmu kuma, ɗan ɗaya jam'iyyar, benci ɗaya suke zama a taron ƙungiyar."

Ta tsaya ta sha ruwa.

"Mahaifina ya so ni, ni ma na so shi. Amma ya yi abin da ya yi. Ban gaya wa 'ya'yana ba saboda kunya, shi ya sa ɗana yake wannan hayaniya, bai sani ba ne. Ku mayar wa matar nan ajinta. Ita ta gaya wa jikata abin da ni na kasa."

Mista Dunlap ya kai hannu ya kashe kyamararsa. Kafin a tashi daga aiki a ranar ya janye ƙorafinsa, kuma bai taɓa ɗaga wa Uwais maganar a kamfani ba.

Da Malama Haulat ta rufe kwamfuta sai ta ga Uwais tsaye a bakin ƙofar kicin, ashe bai tafi aiki ba, komai a kunnensa. Ya ɗaga hannu biyu sama yana kabbara kamar an ci ƙwallo, ita kuma dariya da tari suka haɗe mata har sai da ya kawo ruwa.

Aka mayar mata da manyan azuzuwanta. Misis Harding, wadda ta ji kunyar abin da ya faru, ta nemi ta rubuta darasin sosai a sa shi cikin manhajar makarantar. Malama Haulat ta faɗaɗa shi. Ta sa Afirka ta Kudu, ta sa Jamus ta shekarun 1930 inda wata jam'iyya ta riƙe nata 'yan dukan a titi, ta kuma ce kowane ɗalibi ya je ya tambayi tsofaffin gidansu abin da suka gani da idonsu. Yara suka dawo da labarai masu nauyi, wasu na alfahari, wasu na kunya, duk aka saurara. Cikin shekara biyu darasin ya zama wanda ake rige-rigen shiga, aka kuma naɗa ta shugabar sashen tarihi.

Da gasar cin kofin duniya ta 2022 ta ƙarato, Doha ta cika ta batse. Wata cibiyar al'adu ta nemi makarantu su kawo ayyukan ɗalibai a baje wa baƙi, aka zaɓi na ajin Malama Haulat. Suka kafa allunansu a wani zaure kusa da tashar jirgin ƙasa, yaran da kansu suke yi wa mutane bayani da Turanci da Larabci da Faransanci. Magoya baya suna shigowa don su sha sanyin na'ura, sai su ɓige da tsayuwa. An ga 'yan Senegal da gangunansu sun yi tsit suna sauraron wata yarinya 'yar Lebanon. An ga wasu 'yan Ajantina biyu suna musu da juna a gaban allo har suka kusa makara wasa. Wani malamin makaranta daga Brazil ya roƙi a ba shi tsarin darasin ya kai ƙasarsu, ta ba shi nan take.

Paige ta gama makarantar a lokacin, tana jami'a a Amurka tana karanta tarihi, amma ta zo hutu ta tsaya a kan allon Indiana. Kakarta ta rasu a shekarar da ta gabata, bayan ta yarda an naɗi muryarta, kuma muryar ce ake kunna wa baƙi. Ranar rufewa sai ga Mista Dunlap ya shigo. Ya tsaya ya saurari mahaifiyarsa daga farko har ƙarshe, sannan ya nufo Malama Haulat.

"Har yanzu ina ganin kin ɗan matsa wa jam'iyyata," in ji shi.

"Haka 'yan ɗaya jam'iyyar ma suke cewa."

Ya yi murmushi, ya naɗe hannun riga, ya taya Uwais da Sunusi kwashe alluna zuwa mota. A yammacin ne Maroko ta fitar da Portugal, titunan Doha suka rikice da ham na motoci da jajayen tutoci. Motarsu ta maƙale a cunkoso, Malama Haulat ta sauke gilashi tana tafi tare da mutanen da ba ta sani ba.

Da aka koma makaranta a watan Janairu, tana cikin darasin da sababbin ɗalibai, wata yarinya 'yar Ghana mai suna Adisa ta ɗaga hannu.

"Malama, kin gaya mana na Amurka da Afirka ta Kudu da Jamus. Na ji a labarai ƙasarku za ta yi zaɓe wata mai zuwa. Ku jam'iyyunku ba su da irin waɗannan mutane?"

Wasu ɗalibai suka shiga satar kallon malamar ko ranta zai ɓaci. Ita kuwa daɗi ne ya kama ta.

"Muna da su, Adisa. Namu ba launin fata suke bi ba, ƙabila da addini da unguwa ake ba su su riƙe. Ba sa rufe fuska ma. Da harshenmu 'yan bangar siyasa muke ce musu, kuma na san wasu da sunansu, don na koyar da su suna yara."

Ta ɗauki alƙalamin allo ta rubuta kalmar da manyan baƙaƙe, ta sa suka maimaita har bakinsu ya iya. Sannan ta jawo kujera ta zauna a tsakiyarsu, ta fara ba su labarin zaɓen farko da ta gani da idonta a Tudun Wada.